Takardu Sun Ce Lafiyata Ƙalau

Ni tela ne a garin Daura, kuma sana'ata ce ta fara shaida mini cewa jikina ba daidai yake ba, tun kafin wani likita ya buɗe baki. Wanda ya shekara goma da tef rataye a wuyansa ba ya buƙatar hawa sikeli kafin ya san ya rame. A azumin 2022, ina ɗan shekara 26, ƙuguna inci 33 ne. Da aka kai ƙarshen kaka ana yankan dawa, na sake aunawa na tarar da 29, amma kuma riga ta fara kama ni a ƙasan haƙarƙarin dama, wurin da babu dalilin da zai sa ta kama ramamme. Wata bakwai ne tsakanin awon farko da na biyu, sannan aka ƙara wata biyar kafin a gaya mini sunan abin da ke cikina. A duk tsawon shekarar ba a taɓa hana ni magani ba. Abin da ya cinye lokacin shi ne gwaje-gwajen da suka yi ta fitowa da kyau.

Abin ya fara ne da saurin ƙoshi. In an sha ruwa, kunu rabin kofi da ƙosai uku sun ishe ni, sai in ji ciki ya yi nauyi kamar na tashi da malmala biyu ta tuwo. Lokacin ɗinkin sallah ne, muna kwana a shago ni da yarana har sahur, saboda haka da kafaɗar dama ta fara ciwo ban ɗora wa kowa laifi ba sai keke. Daga baya ƙwarai aka fahimtar da ni cewa tsokar hanta ba ta jin zafi, tantanin da ya lulluɓe ta ne yake ji idan ya miƙe, kuma idan kumburin ya tokare shimfiɗar naman da ta raba ƙirji da ciki, to a kafaɗa mutum yake jin raɗaɗin. Mai kemis ɗin unguwarmu ya saurare ni ya ce olsa ce azumi ya tayar, ya ba ni farin ruwan magani da ƙwayoyi. Na sha na ɗan ji dama, na ci gaba da ɗinkina.

Da damina ta sauka sai zazzaɓin yamma ya shigo, irin wanda yake sa mutum ya nemi mayafi bayan la'asar ya wayi gari garau. Sau uku tsakanin Yuni da Satumba aka ɗebi jinina aka yi gwajin maleriya da na Widal, sau ukun kuma aka ce taifod ce, aka haɗa ni da allurai. Shi gwajin Widal yana iya nuna alama a jinin wanda ya taɓa yin ciwon a baya ko yake zaune inda ya yawaita, ko da a ranar ba shi ke damunsa ba, shi ya sa ba a dogara da shi shi kaɗai. Ƙorafina a nan guda ɗaya ne, kuma har yau ban sauka daga kansa ba: a duk wannan zirga-zirga babu wanda ya ce in kwanta in ɗaga riga ya taɓa cikina. Ni ma ina da nawa kason na laifi, domin ban taɓa ambaton nauyin da nake ji a gefen dama ba. Ana tambayata zazzaɓi, ina amsa zazzaɓi.

Mai ɗakina ce ta fara ganin kumburin. Ina kwance rigingine a tabarma wani dare, fitila na haskowa ta gefe, sai ta ɗora tafin hannunta a ƙasan haƙarƙarina ta ce, "Maigida, wannan gefen ya fi wancan tudu." Na taɓa na ji abu mai tauri, yana saukowa in na ja numfashi. Washegari Yayana, wanda malamin makaranta ne kuma shi ne mai karatun gidanmu, ya ɗauke ni a babur zuwa wurin sikanin. Ina tuna sanyin man da aka shafa mini, da yadda mai na'urar yake ta hira har ya zo daidai wurin ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko na yi atini kwanan baya. Wane ne a garinmu bai yi atini da damina ba? Aka rubuta cewa akwai ƙari mai faɗin santimita 9 a ɓangaren dama na hanta, ana kyautata zaton maruru ne na ƙwayar amiba, wadda takan taso daga hanji ta tara mugunya a hanta. Zato ne mai hujja, domin ciwon sananne ne a ƙasashen zafi, maza ya fi kamawa, kuma yana jin magani. Na sha Flagyl kwana goma, bakina yana ɗanɗanon ƙarfe kamar na tsotsi kwabo, tudun nan kuwa bai ragu ko kaɗan ba.

Daga nan aka tura mu Katsina. Muka bi ta Mashi da sassafe, muka yanki kati a wani babban asibiti, aka buɗe mini sabon fayil kamar a ranar ciwon ya fara. Likitan da ya gan mu ya taɓa cikin, fuskarsa ta canza, ya rubuta gwaji huɗu: ciwon hanta nau'in B, nau'in C, aikin hanta, da wani da suke kira AFP. Ya yi wa Yaya bayanin cewa a ƙasar nan mafi yawan sankarar hanta tana tsirowa ne a kan hantar da ta riga ta lalace, galibi saboda nau'in B da mutum ya ɗauka tun yana yaro, wani lokaci da taimakon gubar afilatoksin da ke fitowa daga fumfunar gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da nau'in B. Shi kuwa AFP sinadari ne da yake da yawa a jinin ɗan tayi, ya ragu bayan haihuwa, sai ya sake hauhawa a jinin da yawa daga cikin masu waccan sankarar.

Bayan kwana uku muka koma. Babu B, babu C, aikin hanta kusan daidai, AFP bai tashi ba, ga shi ba na shan giya, idona bai yi shawara ba. Likitan ya saki fuska ya ce, "Malam, ka gode wa Allah, ba abin da muke tsoro ba ne." Ya ce akwai ƙari iri-iri marasa illa da ke fitowa a hantar matasa, wasu tarin jijiyoyin jini ne kawai, a bar shi a sake sikanin bayan wata uku. Muka dawo Daura da murna, Inna ta soya waina ta raba sadaka, maƙwabta suka yi ta shigowa barka. Ina ajiye da takardun nan huɗu har yau, kuma babu ƙarya ko ɗaya a cikinsu. Tambayar da aka yi musu ce ta wani ciwon daban.

Abin da ban zata ba shi ne yadda albishir ɗin zai juye a gida. Tunda asibiti ya ce jini lafiya, ga mutum kuma yana ƙarewa a tsaye, sai magana ta koma cewa ba ciwon asibiti ba ne. Aka tuna cewa shagona ya bunƙasa da wuri, aka tuna wanda muka yi sa-in-sa da shi a kan rumfa, aka ce jifa ne. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, na sha jiƙon sassaƙen da aka kawo daga kasuwar Mai'aduwa. Ba na yi wa Inna dariya a kan wannan, domin uwar da ke kallon ɗanta yana narkewa ba za ta naɗe hannu ta jira wata uku ba. Inda Yaya ya taka birki shi ne ranar da wani tsohon wanzami ya duba tudun ya ce ruwa ne ya taru, a yi sakiya. Yaya ya ce, "Baba, a yi haƙuri, wannan cikin ba za a huda shi a zaure ba." Da an huda, da wataƙila labarin ya ƙare a ranar, domin ƙarin cike yake da jijiyoyin jini.

Ban cika wata ukun ba. A Janairun 2023 amai ya fara, na daina iya zama a kan keke fiye da rabin awa, muka koma Katsina. Ranar wata likita muka tarar, kuma ita ce ta fara karɓar ledar takarduna gaba ɗaya, ta zazzage su a tebur, ta jera su bisa kwanan wata tun daga takardar Widal ta farko. Ta daɗe tana dubawa, layi na jira a waje, nas tana leƙowa. Ta sa aka sake sikanin a ranar, ƙarin ya kai santimita 11. Ta tambaye ni kilo nawa na rage, na ce ban san kilo ba amma na san inci, ta rubuta incin a fayil. Sannan ta ce, "Malam, ƙarin da ba shi da illa ba ya cinye mutum haka. Gwajin jinin nan iri ɗaya kawai ya kore, akwai sauran iri." Ta lissafa mana sankarar hanyoyin ruwan matsarmama, wadda ba ta cika tayar da AFP ba, da wadda ke tasowa daga hanji ta sauka a hanta, da wasu da likita zai iya yin ritaya bai gamu da su ba sai a littafi. Ta ba mu takardar zuwa Kano a yi siti-sikan mai ruwan allura.

Wanda ya yi jinya a Fabrairun 2023 ya san abin da nake nufi in na ce lokacin canjin kuɗi ne. Kuɗinmu na banki, hannunmu babu ko na mota, tiransifa tana maƙalewa a hanya, mai karɓar kuɗi kuma ba ya ba da rasit sai ya ga shigarsu. Mun kwana biyu a Kano a kan wannan kawai, da aka warware kuma aka ce na'urar ta lalace, sai muka nemi wani wurin mai tsada. Hoton ya nuna ƙari ɗaya babba da tabo a tsakiyarsa mai rassa kamar tauraro, da kaluluwa biyu da suka kumbura a ƙofar hanta. Na ɗauka an zo ƙarshe, ashe da sauran tafiya. Irin wannan tabo yana fitowa a wani ƙari marar illa da aka fi gani a mata matasa, yana kuma fitowa a wata sankara da ba kasafai ake ganinta ba, saboda haka hoto bai isa ya yanke hukunci ba, sai an ɗebo tsoka da allura an duba ta a madubin likita.

A nan gidanmu ya rabu biyu. Kawu, yayan Inna, ya zo takanas daga Sandamu ya zaunar da mu ya ce tunda an fara ambaton daji, to kowa ya san daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi fusata yake yi ya bazu. Ya kawo misalin mutum biyu da aka yi wa aiki suka rasu kafin wata ya zagayo. Ban iya yi masa musu ba, domin mutanen sun rasu da gaske. Abin da na gane daga baya shi ne an kai su ne bayan ciwon ya gama bazuwa, sai wuƙa ta ɗauki laifin jinkiri. Da muka kai wa likitan Kano maganar bai raina ta ba. Ya ce akwai haɗarin zubar jini, akwai kuma ɗan ƙaramin haɗarin ƙwayar ciwon ta bi sawun allura, amma ba zai tura ni a yanke fiye da rabin hantata ba alhali bai san abin da ake yankewa ba. Na kwana ina juya maganar, da asuba na ce, "Inna, ki yafe mini, zan bari a yi." Ta ce, "Allah ya sa a dace," ta juya fuskarta bango.

An yi, kuma bai yi zafin da na zata ba, ƙara ce kawai kamar ta injin buga maɓalli. Mako uku muka jira, a tsakani aka yi zaɓe, sai sakamako ya fito yana cewa abin da aka ɗebo zaren tabo ne zalla, babu isassun ƙwayoyin da za a yi hukunci da su. Allurar ta faɗa tsakiyar tabon nan ne. Wannan rana ta fi mini muni a kan ranar da aka faɗi sunan ciwon, domin sai da na koma gaban Kawu na ce za a sake. Na biyun aka ɗebo daga gefe, aka aika da shi wani gari inda ake da rini na musamman da ke bambanta ƙwayoyin sankara.

A goman ƙarshe na azumin 2023 aka kira Yaya a waya muka koma. Likitan ya rubuta mana sunan a bayan kati saboda ba ya kamuwa a baki: faiburolamela. Ya ce sunan siffar abin da ake gani a madubi ne, manyan ƙwayoyin sankara da zaren tabo ya ratsa tsakaninsu jeri-jeri kamar saƙa. Wani likita a Amurka mai suna Hugh Edmondson ne ya fara bayyana ta a 1956, kuma a lissafin can ba ta wuce kusan 1 cikin 100 na sankarar da ke farawa daga hanta ba. Matasa ta fi kamawa, masu lafiyayyar hanta, ba ruwanta da nau'in B ko C ko giya, kuma a mafi yawansu AFP ba ya tashi. Wato duk abin da aka yi mini barka a kansa, shi ne ainihin kamanninta.

Daren nan Yaya bai runtsa ba, yana karatu a waya yana fassara mini. A nan muka ji cewa sai a 2014 aka gano tushenta, a Jami'ar Rockefeller da ke birnin Niyok, inda aka ga wani yanki ya ɓalle daga kuromosom na 19, ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jikin mutum, ya sa ƙwayoyin gado biyu suka manne suka zama ɗaya, kuma an sami haka a duka samfuri 15 da aka duba. Cikin masu binciken har da wata yarinya, Elana Simon, wadda ita kanta aka yi wa tiyatar wannan ciwo tana shekara 12. Abin da ya fi amfanata shi ne jin cewa canjin a cikin ƙarin kawai yake, ba a gadonsa, ba a kuma ɗaukarsa. Tun kaka dangin mai ɗakina suka sa aka ware mini kofi da kwano, aka hana 'yata hawa cinyata, saboda sun ji an ambaci hanta, alhali ko nau'in B ɗin ma ba ta kofi ake ɗaukarsa ba. Ina komawa gida na ɗauke ta na ɗora a cinya a gabansu.

Magani kuwa tiyata ce, domin wannan sankara ba ta cika jin ruwan kemo ba. Sa'ar da na yi ita ce ragowar hantar lafiyayya ce. Ana iya yanke kusan kashi biyu cikin uku na lafiyayyar hanta sauran ya tofo ya cike gurbi cikin 'yan watanni, abin da ba ya yiwuwa ga wanda nau'in B ya riga ya ƙeƙasar da tasa. An ambata mana Misira da Indiya, muka ji kuɗin muka yi shiru, muka nemi inda ake yi a cikin ƙasa. Mun sayar da gonar gadonmu ta hanyar Zango da keken surfanina, abokan majalisa suka yi karo-karo, kafin kuɗin su haɗu aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, kuɗin mota ya tashi. An buƙaci jini, mutum bakwai suka biyo mu don su bayar, aka gwada su aka mayar da biyu saboda suna ɗauke da nau'in B ba su sani ba. Ɗaya daga cikinsu babban yaron shagona ne, ɗan shekara 21, ƙaƙƙarfa, wanda ya riƙe mini shago duk tsawon jinya. An haife shi ne kafin 2004, shekarar da aka shigar da rigakafin wannan ciwo cikin alluran jarirai a Najeriya.

An yi aikin bayan babbar sallah, aka cire ɓangaren dama na hanta tare da matsarmama da kaluluwar nan. Da na fara iya tashi na duba ɗinkin, ya taso daga ƙahon zuci ya sauko ya karya dama, na ce wa nas ɗin da ke wanke shi wanda ya yi wannan da zai zo shagona da na ba shi keke. Sakamakon abin da aka cire ya nuna gefen yankan ya fita tsaf, amma an sami ciwon a kaluluwa ɗaya. Na tambayi likitan tiyatar ko da an gano tun a kaka da bai kai can ba. Ya ce, "Malam, ba zan rantse maka ba, amma wata biyar ba kaɗan ba ne." Ban riƙe likitan Katsina na farko a zuciya ba, domin hanyar da ke fisshe shi da mafi yawan marasa lafiyarsa ya bi, abin da nake cewa kawai shi ne ramammen da ke ɗauke da ƙari mai santimita 9 bai kamata a ba shi wata uku ba.

Wannan ciwo yana yawan dawowa ko bayan tiyata mai kyau, an gaya mini haka tun kafin a sallame ni, kuma tunda jinina ba ya nuna shi, ba ni da gwaji mai araha da zan riƙa leƙawa da shi. Sai hoto, hoto kuma sai Kano. Daga ɗinkin sallah biyu nake cire kuɗinsa, mai ɗakina take riƙewa don kada in taɓa. A hoton baya an ga wata kaluluwa kusa da inda aka yi aikin ta ɗan ƙara girma, aka ce a sa mata ido, a matso da hoto na gaba. Ƙuguna yanzu inci 32 ne, ina zama a kan keke daga safe zuwa azahar, ina cin tuwona.

Wanda ya fi damuna a yanzu yaron shagon nan ne. An ce masa ya riƙa zuwa duk wata shida ana duba jininsa da hantarsa, a ga ko lokacin fara shan maganin da ke danne cutar ya yi, ya je sau ɗaya bai koma ba. In na yi masa magana sai ya ce, "Oga, ni fa ba abin da nake ji." Na gaya wa mahaifinsa, na kuma gaya masa shi kansa, cewa ranar da zan tafi hoto na gaba, bayan sallah da mako guda, kujera biyu zan biya a motar Kano, shago kuma ranar a rufe zai wuni.